Nothing Phone 2a, wayar nan mai fitilu a baya: yadda na same ta a hannu

Mutane sun yi ta tambayata a kan wayar nan da nake riƙewa, wasu ta inbos wasu a shago, to bari in zauna in rubuta komai a wuri ɗaya. Nothing Phone 2a ce, kuma tun kafin in yi nisa ga matsayata, wayar ta yi min ƙwarai ina sonta, amma ba kowa zan ce ya je ya saya ba, kuma dalilin hakan ba a cikin wayar yake ba, a kasuwarmu yake, zan zo kansa.

Ga wanda bai san kamfanin ba, sunansa Nothing, a Landan yake, Carl Pei ne ya kafa shi a 2020, shi ɗin yana cikin waɗanda suka kafa OnePlus kafin ya bar su. Da abin sautin kunne suka fara a 2021, sannan Phone 1 a 2022, Phone 2 a 2023, ita wannan 2a ɗin ta fito a watan Maris na 2024 a matsayin mai sauƙin kuɗi, fam 319 aka sa mata a Ingila lokacin da ta fito. A nan gida kam farashin yana bin dala ne da kuma wanda ya shigo da ita, don haka ba zan kama muku wani kuɗi ba, ku taya a wuri biyu uku kafin ku biya.

Abin da ido ke fara gani shi ne bayanta. Garai-garai yake kana hango abin da ke ƙarƙashi, ƙananan kusoshi, wani zagaye da ya kewaye kamara, da wata lanƙwasasshiyar hanya da ta gangaro har ƙasa. Amma fa kar wani ya ɗauka injin wayar yake kallo, a'a, yawancin abin da ake gani rufi ne da aka tsara don ado, ainihin kayan cikin suna can ƙasa a rufe, zagayen nan na kamara dai shi ne na NFC, wato abin da ke sa waya ta yi musayar bayani da wata na'ura in an kara su kusa da juna. Kamarorin guda biyu ne a jere a tsakiya ba a gefe ba yadda aka saba, kamfanin da kansa idanu yake ce musu, kuma wannan tsarin yana da wani amfani da ban yi tsammani ba, in ka ajiye ta a tebur kana rubutu ba ta yin gwangwaɗi ta wannan gefe ta koma wancan, zaune take daram. Bayan da gefen duk roba ne ba gilashi ba, shi ya sa duk da faɗinta, inci 6.7, nauyinta giram 190 ne kawai, ba ta jan aljihun kaftani ƙasa. Illar robar kuma a fili take, tana ɗaukar ƙarzuna da sauri in ka haɗa ta da makulli ko sulalla, baƙar kuma tana nuna shatin yatsa da ƙura sosai, lokacin hunturu sai ka yi ta gogewa, wanda zai saya ni fara ko mai ruwan madara zan ce ya ɗauka.

Yanzu fitilun, don su ne maganar. Glyph suke kiran su, layi uku ne na farin haske da suka kewaye kamara, Phone 2 tana da guda 11 ita wannan aka rage mata zuwa uku, kuma gaskiya ukun sun wadatar. Da yawa suna ɗauka ƙyale-ƙyale ne kawai na burge yara, ni dai a wurina su ne suka canza min yadda nake zama da waya gaba ɗaya, kuma ina so a fahimci wannan da kyau domin shi ne dalilin da ya sa har yanzu ban canza ta ba.

Ni harkar shadda da yadi nake yi, kuma duk wanda ke kasuwa ya san halin da muke ciki, waya ba ta minti biyu ba ta yi ƙara ba, guruf na 'yan layi, guruf na dangi, guruf na tsofaffin ɗalibai, masu tambayar farashi, masu turo gaisuwar Juma'a, kai kuma dole ka duba don ba ka san wanne ne alat ɗin kuɗin da kake jira ba, kana dubawa kuma sai ka zarce Facebook ko TikTok, kwastoma na tsaye a gabanka yana magana kai idonka na kan sikirin. To a wayar nan akwai wani tsari da za ka zaɓi manhaja ko mutum ka ce wannan shi ne muhimmi, in saƙonsa ya shigo fitila ɗaya za ta kunna ta tsaya a kunne ba za ta mutu ba sai ka buɗe saƙon. Ni na sa manhajar bankina, da Umma, da maiɗakina, shikenan. Sai in kife wayar a kan kanta, da na kife ta kuma da kanta take yin shiru ta bar fitilun su yi magana. In fitilar nan ba ta kama ba na san duk abin da ya shigo zai iya jira, in ta kama na san ko kuɗi ne ko gida ne. Wallahi kwanciyar hankalin da wannan ɗan abu ya ba ni ba kaɗan ba ne, ina sauraren mutum da kunnena da idona duka, a majalisa ma bayan isha'i haka nake kife ta a kan tabarma a yi hira da ni sosai ba rabi da rabi ba. Umma da kanta ta lura, wata rana na je gaishe ta ta ce “Kai kuwa yanzu ka rage danne-dannen nan, Allah ya yi maka albarka”, na ce amin Umma, kuma har raina na ji daɗin maganar.

Sai dai in ja kunnen 'yan uwana 'yan kasuwa, fitila ta kama ba yana nufin kuɗi ya shiga ba fa, yana nufin manhajar ta turo saƙo ne kawai, dole ka buɗe ka ga balas da idonka kafin ka saki kaya, musamman yanzu da masu alat ɗin bogi suka yi yawa. Kuma ka sa manhajar bankin ce a matsayin muhimmiya ba saƙon tes ba, don tes kowa zai iya turo maka.

Bayan wannan akwai sauran abubuwan da fitilun ke yi. Kowane mutum za ka iya ba shi nasa salon walƙiyar da nasa sautin, kiran Baba daban na abokin ciniki daban, ba sai ka juya wayar ba ka san waye. Akwai agogon ƙirga lokaci, ka sa minti goma ka kife ta sai ka ga hasken layin yana raguwa a hankali har ya ƙare, yara na amfani da shi a gida lokacin tilawa, kowa ya yi nasa mintunan ba gardama. In kana ƙara sauti ko ragewa shi ma hasken na nuna maka. Akwai kuma wanda ke nuna maka saura nawa motar Uber ta iso, wannan ban taɓa amfani da shi ba, mu nan ɗan sahu muke tarewa. Har manhajar haɗa naka kiɗan da walƙiya suka yi, na taɓa ta na bari, ba ta dame ni ba.

Inda fitilun ke zama matsala shi ne cikin duhu. In an ɗauke wuta da dare ɗaki ya yi baƙi ƙirin kira ya shigo, hasken yana da ƙarfi zai iya tada mai barci, to sai ka shiga saiti ka rage ƙarfinsa kuma ka sa masa lokacin barci ya daina kamawa daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Masallaci kuwa ni kashe su nake gaba ɗaya kafin in shiga, akwai maɓallinsu a sama in ka jawo sikirin, domin waya ta yi shiru amma tana walƙiya a gaban sahu wannan ma shagaltar da mutane ne, ba abin da ya raba shi da ƙara. Masu riƙe irinta don Allah a kula da wannan.

Cikinta kuma, Android ce amma sun yi mata nasu fentin da suke kira Nothing OS, komai fari da baƙi da ɗan ja, rubutun agogo da na sama ɗige-ɗige ne. Tambarin manhajoji ma za ka iya mayar da su duka fari da baƙi, da farko sai ka ɗan yi lalube kafin ka gane WhatsApp tunda ba koren nan, amma bayan ɗan lokaci sai ka ga ido ya huta kuma hannunka ya daina zuwa inda ba ka aike shi ba, in kuma ba ka so ka mayar da kalolin, ba dole. Abin da ya fi burge ni ranar da na kunna ta shi ne ban tarar da tarkacen manhajojin nan da ake cusa wa mutum ba, babu wasannin da ban nema ba, babu wata kasuwar manhaja ta biyu da ke turo min sanarwa tana cin data. Tana raba manhaja gida biyu, WhatsApp na kasuwa daban na gida daban, tana kulle manhaja da yatsa, layi biyu take ɗauka. Da Android 14 ta fito, sun yi alkawarin sabunta Android sau uku da gyaran tsaro na shekara huɗu, kuma Android 15 ta iso mata a ƙarshen 2024, a nan ne ma suka kawo nasu wurin ajiye hotuna, kafin nan sai dai Google Photos.

Gudu ba matsala. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita Dimensity 7200 Pro ce ta kamfanin MediaTek, akwai mai RAM 8 da ma'aji 128 akwai mai 12 da 256, sikirin ɗin AMOLED ne mai 120Hz, yana santsi, ana ganinsa a rana ba sai ka kare da hannu ba. Ƙanena ya buga eFootball da Call of Duty a kai bai yi ƙorafi ba. Da zafin bazarar nan ta Afrilu tana ɗumi in an daɗe ana bidiyo, kamar dai kowace waya. Lasifika biyu ne kuma suna da ƙarfi, karatu ko wa'azi ana ji har tsakar gida.

Batir 5000mAh ne, kuma nan ma ta cika alkawari, in na cika ta da asuba da data a kunne wuni guda, hotuna, kira, sitatus, ina komawa gida da saura, ranar da ban matsa mata ba tana kaiwa washegari da hantsi. Fawa bank ɗina yanzu a durowa yake kwana. Tana ɗaukar caji 45W, kamfanin ya ce rabi a minti 23, abin da na gani bai yi nisa da haka ba, cikawa kuma wajen awa ɗaya, ga wanda ake kawo musu wuta ta ɗan lokaci ko mai jira a tada janareto wannan babban abu ne. Amma ku ji da kyau, babu kan caja a kwali, igiya ce kawai mai USB-C gaba da baya, ke nan tsohon kan cajarka mai faffaɗan rami ma ba zai karɓi igiyar ba, sai ka nemi kai mai PD na kirki, wato mai ramin USB-C da ke caji da sauri, kuma a nan ake cutar mutane, wani mai shago ya taɓa miƙo min wani an rubuta 45W ɓaro-ɓaro a jiki, muka gwada a gabansa wayar ko alamar caji mai sauri ba ta nuna ba. Ka gwada kafin ka biya. Ba ta caji ta iska ba tare da igiya ba, ba ta da ramin iyafis, ba ta ɗaukar memori, wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai domin mu mutane ne masu tara karatu da bidiyon biki da hotunan kaya, don haka in da hali ka ɗauki mai 256 tun farko, ba a ƙarawa daga baya. Ruwa kuma IP54 ce, yayyafi da ƙura za ta jure, faɗawa bokiti ko kwata kuwa a'a.

Kamara, 50MP biyu a baya, babba da mai ɗaukar faɗi, 32MP a gaba. Ni ba mai ɗaukar hoto ba ne don haka da ma'aunin sana'ata zan auna ta. Babbar rigimar mai sayar da yadi ta waya ita ce kala, ka ɗauki hoton shadda ka sa a sitatus, Hajiya a Kaduna ko Zinder ta zaɓa ta turo kuɗi, kaya ya isa ta kira ka ta ce ba wannan ta gani ba, ita ruwan toka ta zaɓa ka aiko mata mai shuɗi-shuɗi, alhali kai ba ka canza komai ba waya ce ta ƙara gishiri. Wayoyi da yawa haka suke, suna ƙara wa kala ƙarfi suna haska fuska don hoto ya yi kyau a ido, wannan kuma ya dace da mai selfi amma bai dace da mai sayar da kaya ba. Ita wannan da rana a inuwa tana fito da kala kusa da yadda take, fari ya fito fari, ruwan madara ya fito ruwan madara, ruwan ƙasa ba ya komawa ja, zanen jikin shadda ma yana fitowa, kuma tunda na koma ɗauka da ita irin wannan kiran ya ragu sosai. Fatar mutum ma ba ta mayar da baƙi fari, yadda Allah ya yi ka haka za ka fito, wasu abokaina ba su so haka ba sun fi son ta Tecno da ke haska su, ni kuma hakan ya fi min. A ƙarƙashin fitilar shago kala na ɗan karkata, wannan sai ka fito da kayan bakin ƙofa. Fitilun bayan nan ana iya kunna su su haska abu na kusa, haskensu ya fi na filasha laushi, yana taimakawa wurin ɗaukar aikin wuya ko maɓalli. Da dare hoto ba laifi in hannu bai rawa ba. Jawo abu daga nesa kuwa ba nata ba ne, ba ta da kamarar zum, ninki biyu yana da kyau, ka wuce nan sai hoto ya fara dagulewa. Bidiyo tana kai 4K.

To ga inda na ce ba kowa zan tura ya saya ba. Kasuwar waya a ƙasar nan ta Transsion ce, su ne masu Tecno da Infinix da itel, sai Samsung da Redmi da iPhone, kuma duk wani mai gyara da mai sayar da kayan waya a kansu ya gina sana'arsa. Ka shiga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, da Tecno a hannu, kafin ka rufe baki an kawo maka riga kala goma da gilashin sikirin, in ta lalace ga Carlcare, wurin gyaran kamfanin, ga masu gyara ko ta ina. Ka shiga da wannan kuwa sai an juya ta an sake juyawa, wani yaro mai kirki da na tambaya rigarta ya ce min “Wallahi Alhaji ba mu da ita, sai dai in za ka ba da kuɗi a yi maka oda”, kuma gaskiyarsa ce, ba zai ajiye kayan da sai an jima kafin mutum ɗaya ya tambaya ba. Kamar ka sayi motar da ba a saba da ita ba ne a garin da kowa Toyota da Honda yake hawa, ranar lafiya kai ne abin kallo, ranar da gilashi ya fashe kai kaɗai ne da matsalarka. Ni oda na yi daga waje, riga biyu gilashi uku a lokaci ɗaya, na jira suka iso. Kuma rigar dole ta zama garai-garai, in ka sa mata mai duhu ka rufe fitilun to me ka saya ke nan, ita kuma garai-garai ɗin bayan wasu watanni tana komawa rawaya sai an canza.

Sikirin shi ne abin da nake jin tsoro, Gorilla Glass 5 ne a gaba yana da ƙwari amma gilashi gilashi ne, in ya fashe ba za ka shiga kasuwa ka fito da sabo a ranar ba, sai an nemo daga Legas ko daga waje, ga kuɗi ga jira, kai kuma kasuwancinka duk a cikin wayar yake. Shi ya sa nake ajiye ƙaramar waya a gefe da manhajar banki a ciki saboda tsaro. Sannan ranar sayarwa ko musaya, masu saye suna karya mata farashi ba don ta lalace ba sai don ba su da tabbacin wa za su sayar wa, wanda ya saba duk shekara ya kai tsohuwa ya cika kuɗi ya ɗauki sabuwa wannan ba tasa ba ce, iPhone ko Samsung sun fi riƙe masa kuɗi. Ita ta wanda zai riƙe shekara uku ko huɗu ce yana lallaɓa ta.

Wani zai ce ai Infinix ma sun yi mai fitila a baya, haka ne, GT 10 Pro ta 2023 da GT 20 Pro ta 2024, kuma su kayansu na samuwa a nan cikin sauƙi, in wasa kake so da ƙyalli mai kala-kala su ma zaɓi ne mai kyau ba na kushe su. Bambancin a wurina shi ne waɗancan an yi su ne don mai gem, ita kuma wannan fitilunta da tsarin cikinta duk wuri ɗaya suka nufa, wato ka rage ɗaga waya, kuma ni abin da nake nema ke nan.

Wanda ya yanke shawarar saye, akwai 2a Plus da ta biyo baya a 2024 mai ɗan ƙarin ƙarfi, akwai kuma 3a ta Maris 2025 wadda aka sa wa bayan gilashi da kamarar zum, in bambancin kuɗin bai yi yawa ba a duba su. In kuma ta hannu za ka ɗauka, ka shiga saitin Glyph ka kunna fitilun ukun duka ka tabbatar babu inda ya mutu a layin, ka duba bayan da kyau a haske ko ƙura ta shiga ciki don alamar an taɓa buɗe ta ce, ka sa layinka biyu ka ga duk suna kamawa da data, ka gwada yatsa a sikirin, ka tabbatar mai ita ya cire akawun ɗinsa na Google a gabanka, ka karɓi rasit mai lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, sannan ka yi odar riga da gilashi tun ranar, kar ka jira sai ta faɗi.